Shekarar da Na Yi wa Gidan Yaya Ɗanlami Kuɗi

Na san kun girma kuna jin maganar nan gutsi-gutsi, a gidan biki ko wurin zaman makoki, lokacin da mata ke rage murya da sun hango ku: wai ubanku ya cinye gonar marayu. Ba ku taɓa tambayata ba, na kuma gode muku da wannan kawaicin. Amma shirun nawa ya yi tsawo, ƙarfina kuma yana tafiya, don haka zan faɗa muku yadda abin ya faru, ku yi naku hukuncin. Maganar ba a kan gona ta fara ba. A kan wani gida ta fara, wanda babu ko ɗayanku da ya gan shi a tsaye.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da Yaya Ɗanlami, sai mahaifiyarmu Inna. A ƙauyenmu na Challawa muka tashi muna noma, har gwamnati ta yanke yawancin gonakin yankin ta ba masu masana'antu. Ɗan abin da ya rage mana aka raba biyu, gonarsa na jingine da tawa. Kuɗin diyyar da aka biya mu, ni na sayi kayan aikin kafinta da nawa, shi kuwa ya adana nasa. Ya shiga wani kamfanin jimar fata a Sharada, ya yi ta aiki cikin wari da ruwan magani har aka ɗora shi a kan leburori. Ni kuma na samu aiki da wani kamfanin gine-gine a Bompai. Zamanin kuɗin mai ne, kamfanoni na tsirowa ko'ina, Turawan da ke zuwa kafa injuna kuma ba sa jiran a gina musu gida. Daga ƙasashensu ake kawo gidajen a ƙere, kowane gida ɓari biyu dogaye kamar akwati, a kan tirela. Mu ne muke ɗora su a kan ginshiƙan bulo, mu haɗa ɓarin biyu da noti, mu liƙe rufin. Shi ya sa muke ce musu gidan noti. Na haɗa su da yawa da hannuna, na kuma yi ta gyaransu bayan sun sha damina, saboda haka na san cikinsu da bayansu.

Akwai irin wannan gida a bayan katangar kamfanin su Yaya, fari mai tagogin gilashi, da falo da ɗakuna biyu da banɗaki a ciki. Kullum ta gabansa yake wucewa. Da Baturen da ke ciki ya gama aikinsa ya koma, kamfanin ya sa gidan a kasuwa, Yaya ya zo ya same ni da zancen yana murmushi kamar yaro. Na ce masa gidan nan kamar mota yake, kullum kuɗinsa raguwa yake yi, kuma filin da yake kai ba nasa ba ne, na kamfani ne. Ya ce manaja ya yi masa alkawarin zama muddin yana so. Ya kwashe diyyarsa da duk abin da ya tara, ya sayar da shanunsa biyu na huɗa, ya saya. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da ya tare da matarsa Yaya Rabi da 'ya'yansu mata biyu, Saude da Mairo, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Mutanen ƙauyenmu suka riƙa zuwa kallo, mata na murɗa famfo suna dariya, Inna ta zauna ƙarƙashin fanka ta ce iskar ta yi mata yawa. Mutum ne da aka ƙwace wa gonar ubansa aka mayar da shi lebura a masana'anta, sai ga shi yana kwana a ɗakin da Bature ya kwana. Wannan shi ne abin da ya saya.

Daɗin bai daɗe ba. Kuɗin ƙasa suka ja baya, aka shiga tsuke bakin aljihu, kamfanoni suka fara sallamar mutane. Yaya yana cikin waɗanda aka sallama. Dama ya jima yana tari, da ya zauna a gida sai ciwon ƙirjin ya kwantar da shi. Ya shafe damina guda yana jinya a ɗakin nan mai tagar gilashi, kafin kaka Allah ya karɓi abinsa.

Bayan Yaya Rabi ta fita takaba aka zo maganar gado. Limamin ƙauyenmu, Malam Isiyaku, shi ne zai raba. Abin da mamacin ya bari ba shi da yawa: gidan, da gonar, da keke da rediyo. Malam ya bayyana mana cewa tun da babu ɗa namiji, kaso mafi girma na 'yan matan ne, sai Inna, sai matar, ni kuma ɗan abin da ya rage. Amma ba a raba abu sai an san kuɗinsa. Gona kowa ya san yadda ake yi mata kuɗi, dattawa biyu suka taka ta suka faɗa. Gidan ne ba wanda ya san kansa. Malam ya ce tun da sana'ata ce, ni zan duba.

Ina so ku fahimci abu ɗaya a nan, don shi ne gindin komai. Yaya Rabi ta riga ta ce ita da 'ya'yanta gidan suke so. In aka yi wa gidan kuɗi mai yawa, ya cinye rabonsu duka, gona ta faɗo wa Inna da ni. In aka yi masa kuɗi kaɗan, sai su riƙe gidan su kuma samu yawancin gonar. Wato duk abin da na rage wa gidan, daga bakina na cire na sa a bakin marayun.

Na je da hantsi. Na gaisa da Yaya Rabi, na nemi izini, na tuɓe riga na shiga ƙarƙashin gidan da rarrafe. Mai son sanin kuɗin irin wannan gida ba fenti yake kallo ba, ƙasa yake shiga, domin ƙarafan da ke ɗauke da shi su ne ransa. Na tarar tsatsa ta cinye su, musamman ta wajen banɗaki inda bututu ya daɗe yana yoyo, ina taɓawa suna zubowa kamar ɓawon itace. Gara ta bi ginshiƙan bulo ta hau. Daɓen gidan kuwa ba katakon gaske ba ne, garin katako ne aka matse da gam, in ya sha ruwa sai ya kumbura ya saki. Ledar da aka shimfiɗa a kai ce kawai ke rufa masa asiri. Na hau sama na ga mahaɗar rufin ta buɗe, ruwa ya bi cikin bango. Sannan na zauna a inuwa na yi tunanin wa zai saya. 'Yan kwangila ne ke sayen irinsa su yi ofis, ga shi kwangila ta tsaya. Kayan gyaransa ba a shigo da su kuma. Wanda ya saya ba fili ya saya ba, sai ya ɗauko motar ƙugiya mai ɗaga kaya da tirela, kuma ban yi zaton gidan zai jure ɗagawa ba. Da na gama juya shi ta kowane gefe, abin da ya rage mai kuɗi shi ne tagogi da ƙofofi da kwanon rufi da wayoyin lantarki. Duka ba su wuce kuɗin tsohon babur ba.

Ban faɗa wa kowa a wurin ba. Na wanke hannu, Mairo ta kawo min ruwa na sha, na koma gida. Mahaifiyarku ce ta fara jin maganar. Ta ce in je in ce wa Malam ban iya ba, a nemo bare, domin kowace irin magana ta fito daga bakin magaji ba za a ji ta da kyau ba. Na ce bare zai kalli fenti ne ya faɗi abin da zai faranta wa mai gida, a ƙarshe yaran su tashi ba gida ba gona. Inna kuwa da na yi mata bayani sai ta dube ni.

"Habu, ka ƙara masa kuɗi mana, a rabu lafiya," in ji ta. "Ɗan'uwanka duk abin da ya mallaka nan ya zuba. Yanzu ka tashi gaban mutane ka ce iska ya saya?"

Na ce, "Inna, in na ƙara, jikokinku na rage wa. Ku yi haƙuri, ba zan iya ba."

Ta ce ita ba ta son gonar, ba ta son komai, kada dai a tozarta mata ɗa yana kabari. Na kwana biyu ina juya maganar mahaifiyarku da ta Inna. Dukansu sun fi ni sanin mutane. Ni gidan kawai na sani, da kuma cewa haƙƙin maraya ne. Na yanke shawarar zan faɗi abin da na gani.

A falon gidan aka yi zaman, bayan azahar. Akwai Malam Isiyaku da dattawa biyu, da Alhaji Tanko, wan Yaya Rabi, ɗan kasuwa ne a Na'ibawa. Ita tana daga ƙofar ɗaki, Inna na kusa da ita. Alhaji Tanko ya zo da mutum biyu, dillalin motoci da wani mai sayen kayan gwanjon kamfanoni. Sun zaga gidan, sun buɗe tagogi sun rufe, sun kunna fanka, suka ce ko yau aka sa shi a kasuwa zai yi kusan kuɗin da aka saye shi, tun da kayan waje sun yi tsada. Ba na ce ƙarya suka shirya ba. Farashin sabo suka sani, kuma ba wanda ya sunkuya a cikinsu. Da Malam ya juyo kaina, na faɗi nawa. Alhaji Tanko ya yi wata 'yar dariya ya tambaye ni ko ina da mai saye a hannu ne. Na ce a ɗaga ledar nan ta bakin banɗaki kowa ya gani. Ban kai ga tashi ba Yaya Rabi ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba.

"Ba wanda zai ɗaga min leda. Habu, tun ranar da ya sayi gidan nan kake kushe shi. Yana raye ba ka bar shi ya ji daɗinsa ba, yanzu ya mutu ka zo ka ce tarkace ya bar wa 'ya'yansa."

Na ce, "Yaya Rabi, wallahi don su Saude nake faɗa. In aka bi maganata, gonar taku ce."

"Ku riƙe gonarku," in ji ta. "Mu ya bar mana gida."

Malam Isiyaku ya yi ƙoƙari. Ya bayyana mata lissafin sau biyu, ya ce dukiyar marayu ce ba a yi mata gaggawa, ya nemi a ɗage zaman a kira wani masanin. Alhaji Tanko ya ce mutum biyu da ba su da rabo a ciki sun yi magana, ɗaya mai rabo ya saɓa, me kuma ake nema. Dattawan suka goyi bayansa, don su ma a idonsu gida mai fanka da famfo ba zai yi kuɗin babur ba. Haka aka rufe. Gida da keke da rediyo suka tafi wajen Yaya Rabi da 'ya'yanta, gona ta zo wa Inna da ni. Da muka fito, Saude na tsaye a bakin ƙofa, lokacin ta yi wayon gane magana. Na miƙa hannu zan dafa kanta ta kauce.

Labari ya bazu a ƙauye ta fuska biyu, kuma duka biyun ni suka kayar. Wasu suka ce na so in karya kuɗin gidan ne in saye shi da arha. Da aka ga gona ta dawo hannunmu, sai wasu suka ce ai dama wayo na yi, na fusata matar da gangan don ta ƙi gonar. Inna ba ta ƙara yi min maganar ba, amma ta daina cin abinci sosai, ta kuma daina zuwa Sharada don ta ce ba ta da idon kallon yaran. Ba ta cika shekara biyu ba ta bi ɗanta. Rabonta ya zo mini, tun da ni kaɗai ne ɗanta da ya rage. Ta haka gonar Yaya ta zama tawa gaba ɗaya, ba tare da na nema ba. Kowace kaka nakan aika musu da dawa da gyaɗar da aka samu a cikinta, kowace kaka a dawo min da buhunan ko kwance bakinsu ba a yi ba.

Ana nan kamfanin jimar ya durƙushe, aka sayar wa wani. Sabon mai shi bai san da wani alkawarin manaja ba, yana son faɗaɗa katanga, ya ce a kwashe gidan. Alhaji Tanko ya nemi mai saye, duk wanda ya zo ya leƙa ƙasa sai ya tafi. Dillalin nan da ya yi masa kuɗi mai tsoka ma ya ce kasuwa ta canza. Sai suka yanke shawarar ɗauke shi zuwa wani filin Alhajin a Na'ibawa. Da na ji, na aika mahaifiyarku ta roƙe su kada a ɗaga, a bar ni in zo da abokan aikina mu kwance shi a hankali, a tsira da tagogi da kwano. Ba a ba ta amsa ba.

Ranar na je, amma daga nesa na tsaya, gindin katangar wani kamfanin. An fito da kayansu an tara a waje, gado da tukwane da akwatuna, Yaya Rabi da yaran na zaune a kai. Aka kwance notin tsakiya, aka zura igiyoyin ƙarfe ta ƙarƙashin ɓari na farko. Motar ƙugiyar da suka ɗauko ta fara ja. Gidan ya tashi kamar tsayin gwiwa, sai na ji ƙarar da na san zan ji. Ƙarfen wajen banɗaki ya karye, daɓen ya zube ƙasa kamar dusa, bangon ya naɗe ciki, gilasai suka tarwatse. Direban ya sauke abin da ya rage, ya ce ba zai taɓa ɓari na biyu ba, a biya shi ya tafi. Mutane suka taru ana salati. Mairo ta fashe da kuka. Yaya Rabi ba ta yi kuka ba, ba ta ma tashi daga kan akwatin ba. Ta juyo ta hango ni, muka haɗa ido, ta mayar da kanta. Na taɓa jin ana cewa wai na ji daɗi ranar don maganata ta fito. Allah shi ne shaidata, da na ga bangon ɗakin da ɗan'uwana ya cika a ciki yana naɗewa, ji na yi kamar ranar aka sake binne shi. 'Yan gwangwan, masu sayen tsoffin ƙarafa, ne suka kwashe sauran.

Suka koma ɗaki ɗaya a gidan Alhaji Tanko. Yaya Rabi ta shiga sayar da ƙosai da yin dakau, da haka ta raini yaran. Na tura Malam Isiyaku ya gaya mata na mayar wa yaran gonar ubansu, ta ce sadaka ba ta kama su ba tukuna. Aka aurar da Saude, aka aurar da Mairo, ni da ya kamata in ba da aurensu a bakin mutane na ji.

Shekaru da yawa bayan haka, kuna manya lokacin, aka aiko cewa Yaya Rabi ba ta da lafiya kuma tana nemana. Na same ta a kan tabarma, ta rame har na kusa kasa gane ta. Muka gaisa, na yi mata sannu. Ta sa aka fitar da yaran da ke ɗakin. Na fara cewa ta yafe min in maganata ta ranar nan ta ɓata mata rai, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Habu, na san gidan ya mutu tun kafin ka shiga ƙarƙashinsa. Ni nake share garin katakon kullum da safe, in zubar kafin yayanka ya tashi. Ƙafata ta taɓa burmawa a bakin banɗaki, na ja tabarma na rufe. Shi ma ya sani. Yana kwance yana kallon silin yana ɗiga, ya ce min, Rabi, Habu ya faɗa min. Ya ce kada in bari a yi masa dariya."

Ta huta, ta ce a ranar ba ta ga gona ba, ba ta ga lissafi ba, maza kawai ta gani zaune a falonsa za a ɗaga leda a ga abin da ya ɓoye. Ta ce daga baya ta gane abin da ta jawo wa yaran, amma ta riga ta bar su sun tashi da cewa baffansu ne ya cuce su, kuma ba ta da ƙarfin zuciyar da za ta ce musu ita ce. Na tambaye ta ko yanzu za ta gaya musu. Ta ce za ta gwada. Ban sani ba ko ta samu dama, domin ba ta ƙara mako ba.

Bayan an share makoki na sami Saude na yi mata maganar gonar. Ta saurare ni har na gama, cikin ladabi, kanta a ƙasa. Ta ce sun gode, amma sun girma ba da ita ba, kuma za su ƙarasa ba da ita ba. Mairo tana bin bakin yayarta. Ban gaya musu abin da uwarsu ta faɗa min ba, don ban ga amfanin in wanke kaina da mutuncin matar da ke kabari ba. Ku ma don ku sani na faɗa muku, ba don ku kai musu ba.

Gonar tana nan. Kamfanoni sun kewaye ta ta gefe uku, an zo min da tayi iri-iri, na san kuma wasunku sun yi mamakin ƙin sayar da ita da na yi alhali muna cikin rashi. Na riga na faɗa gaban shaidu cewa ta Saude ce da Mairo, ba ta cikin abin da za ku gada. Ku riƙa share ta kuna gyara iyakarta. In wata rana ɗayansu ko 'ya'yansu suka zo, ku ba su ba tare da kun tambaye su komai ba. Ni dai na jira, ba su zo ba.